Tawaye a Harshe, Biyayya a Jigo: Nazarin Romantisizim a Wasan Hernani na Victor Hugo

1.0 Gabatarwa

A daren 25 ga watan Fabrairu na shekarar 1830 aka fara nuna wasan kwaikwayon Hernani na Victor Hugo a gidan wasa na Comédie-Française da ke birnin Faris. Washegarin ranar marubucin ya cika shekara 28 da haihuwa. Masu tarihin adabin Turai sun daɗe suna ɗaukar wannan dare a matsayin lokacin da mazhabar Romantisizim ta ci mazhabar Kilasik da yaƙi a kan dandamali, kuma daga nan ne aka saba gaya wa ɗalibi cewa Romantisizim mazhaba ce ta 'yancin zuciya, wadda ta kwance wa marubuci da tauraronsa dabaibayin tsofaffin dokoki. Wannan maƙala za ta auna wannan da'awa da ma'aunin wasan kansa. Abin da za a nuna shi ne, tawayen da Hugo ya yi ya tsaya ne ga harshe da zubi, amma ta fuskar jigo wasan ya miƙa wuya ga wata doka wadda ta girmi dokokin da ya karya, ta kuma fi su tsanani.

Kafin a shiga ciki, ya kamata a kau da wani ruɗani. Tun lokacin da muhawara ta yi zafi a kan littattafan soyayya na Kano a shekarun 1990, akan ci karo da ɗaliban da ke fassara Romantisizim da "adabin soyayya", saboda kamar da sunan ya yi da kalmar Ingilishi mai nufin soyayya. Asalin kalmar dai shi ne sunan da aka bai wa harsunan talakawa da suka tsiro daga Latin, irin su Faransanci da Sifaniyanci, sannan sunan ya koma kan labaran jarumai da aka rubuta cikin waɗannan harsuna a tsakiyar zamanin Turai. Da 'yan'uwan nan biyu, Friedrich da August Wilhelm Schlegel, suka ɗauki kalmar a mujallarsu ta Athenaeum daga 1798 zuwa 1800, abin da suke nufi shi ne adabin da ya tsiro daga Kiristanci da gargajiyar al'ummun Turai, kishiyar wanda aka kwaikwayo daga Girkawa da Rumawa. Ke nan tun daga sunanta mazhabar tana waiwayen baya, kuma wannan waiwaye zai bayyana ƙarara a wasan da ake nazari.

2.0 Dokokin da Aka Yi wa Tawaye

Wasan ban tausayi na Faransa ya yi kusan shekara ɗari biyu yana tafiya a kan wasu ƙa'idoji guda uku: labari ɗaya, a wuri ɗaya, cikin yini ɗaya. Ana jingina su ga Aristotle, alhali kuwa ƙa'idar labari kaɗai ya ƙarfafa, ya ambaci lokaci a wucewa, bai kafa dokar wuri ba. Wani malamin Italiya mai suna Castelvetro ne ya tsara su uku a 1570, Boileau kuma ya mayar da su waƙa a 1674, har suka zama abin haddar 'yan makaranta. Bayan waɗannan akwai dokar ladabi: ba a zubar da jini a gaban 'yan kallo, sai dai wani ya shigo ya ba da labari, ba a gauraya ban dariya da ban tausayi, sarki ba ya ambaton abubuwan yau da kullum da sunayensu. Ma'aunin waƙar kuwa ɗango ne mai gaɓa 12, da ɗan hutu bayan gaɓa ta shida, ɗango bibbiyu masu amsa-amo ɗaya, kuma ana son ma'ana ta cika a ƙarshen ɗango.

Bai dace a raina waɗannan dokoki ba, domin a cikinsu Racine ya rubuta Phèdre a 1677, kuma ƙuncin wuri da na lokaci shi ne ya sa wasan ya zama kamar tukunyar da aka rufe tana tafasa. Matsalar ta taso ne daga magada waɗanda suka gaji tukunyar babu wutar. Misali ɗaya ya isa. Lokacin da Ducis, wanda bai iya Ingilishi ba, ya sake rubuta Othello na Shakespeare domin dandamalin Faris a 1792, sai ya cire hankicin da kishin Othello ya rataya a kansa, ya sa ɗaurin goshi na lu'ulu'u a madadinsa, domin hankici abin share majina ne, bai cancanci shiga wasan ban tausayi ba. Sai a 1829, a fassarar Alfred de Vigny, aka furta sunan hankicin Desdemona a wannan gidan wasa.

Iskar canji daga waje ta kaɗo. Laccocin da August Wilhelm Schlegel ya gabatar a Biyena a 1808 sun fifita Shakespeare da Calderón a kan Racine. Littafin Madame de Staël a kan Jamus, wanda gwamnatin Napoliyan ta lalata bugunsa a 1810, ya fito a Landan a 1813. 'Yan wasan Ingila da aka kora da ihu daga dandamalin Faris a 1822, irinsu ne aka tarba da tafi a 1827 sa'ad da Charles Kemble da Harriet Smithson suka nuna Hamlet. A wannan shekara ta 1827 Hugo ya buga wasansa Cromwell, mai ɗango fiye da 6,000, wanda tsawonsa ya hana a nuna shi, amma gabatarwarsa ta zama tutar matasa. A cikinta ya yi watsi da ƙa'idar wuri da ta lokaci, ya riƙe ta labari, ya kuma kafa hujja cewa tun da ɗan'adam jiki ne da ruhi, dole wasa ya haɗa mummuna da kyakkyawa, abin dariya da abin girmamawa, kamar yadda suke a haɗe a rayuwa. Ya saɓa wa Stendhal, wanda ya nemi a koma ga zube tun 1823, domin shi Hugo bai yarda a bar waƙa ba. Sassauta ta yake so a yi.

3.0 Zubi da Harshe

Labarin Hernani ya faru ne a 1519. Maza uku ke neman budurwa ɗaya, Doña Sol: Don Carlos sarkin Sifen, da baffanta kuma waliyyinta, dattijon basarake Don Ruy Gomez, wanda aka tsayar za ta aura, irin auren da manyan gidajen Turai kan yi da izinin Coci, da kuma Hernani, shugaban 'yan fashin duwatsu, wanda asalinsa ɗan sarauta ne da mahaifin sarki ya kashe wa uba. Wasan kashi biyar ne. Ya tashi daga Saragosa zuwa wani gidan sarauta a duwatsun Aragon, ya tsallaka zuwa kabarin Charlemagne a birnin Aachen na ƙasar Jamus ta yau, ya komo Saragosa, cikin watanni da dama. Da wannan kaɗai ƙa'idoji biyu sun faɗi.

Amma ba nan ne zafin rigimar yake ba, domin Alexandre Dumas ya riga ya nuna wasan tarihi na zube, wanda bai kula da ƙa'idojin ba, a wannan dandamali a watan Fabrairun 1829, aka kuma karɓe shi. Abin da ya tayar da ƙura shi ne yadda Hugo ya taɓa ɗango mai gaɓa 12, wanda Faransawa ke ɗauka kamar gadon gida. Tun a ɗangon farko, tsohuwar da ke kula da Doña Sol ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofar wani ɓoyayyen matakala. Sunan matakalar ya zo a ƙarshen ɗango, siffarsa kuwa ta zubo farkon ɗango na biyu. Wannan shi ne abin da masu nazarin waƙar Hausa ke kira gangara, kuma ga wanda ya saba da rubutattun waƙoƙin Hausa ba wani abin tayar da hankali ba ne. Ga kunnen da Boileau ya rena kuwa, raba suna da siffarsa daidai yake da karya ƙashin bayan ɗango. Haka Hugo ya riƙa yi har ƙarshe: ya gusar da hutun tsakiya daga mazauninsa, ya yayyanka ɗango ɗaya tsakanin bakuna biyu ko uku, har waƙar ta riƙa numfashi irin na magana.

Kalmomin ma haka. A kashi na farko sarkin Sifen ya ba tsohuwa toshiya, ya shige cikin kabad ya ɓuya, ya fito yana ƙorafin matsi. A kashi na biyu ya tambayi ƙarfe nawa, aka ba shi amsa kai tsaye cewa sha biyun dare ta kusa, ba tare da kewaye-kewayen da ake yi wa sarki ba. Dumas ya ba da labarin yadda Mademoiselle Mars, wadda ta fito a matsayin Doña Sol tana da shekara 51, ta riƙa tsayar da gwaji tana jayayya da Hugo a kan wurin da za ta kira Hernani zakinta, domin a ganinta siffanta masoyi da dabba zai jawo dariya. Bahaushe, wanda kirarin sarakunansa cike yake da zaki da giwa da toron giwa, zai yi mamakin wannan jayayya, amma ita ce ke nuna iyakar ƙuncin da harshen dandamali ya shiga.

A nan ne nasarar Hugo take, kuma nasara ce ta gaske. Ya buɗe wa kalmar kasuwa ƙofar fada, ya mayar da ɗango bawan ma'ana. Dogon jawabin Don Carlos a gaban kabarin Charlemagne, inda yake auna sarauta da jama'ar da ke ƙarƙashinta kamar teku, da hirar ango da amarya a farkon kashi na biyar, suna cikin wuraren da waƙar Faransanci ta kai matuƙa a wancan ƙarni. Sai dai a lura cewa duka biyun wurare ne da labari ya tsaya cik, mawaƙi ya karɓi fage daga hannun marubucin wasa.

Batun faɗan da aka yi a zauren kallo kuwa, yana buƙatar taka-tsantsan. Gaskiya ne Hugo ya ƙi dogara da 'yan tafin haya na gidan wasan, ya raba wa matasan mawaƙa da masu zane jajayen takardun shiga, kuma Théophile Gautier ya zo da jar riga don ya tsokani dattawa. Gaskiya ne kuma an nuna wasan sau 39 a wannan shekara, ana ihu da fito a darare da yawa. Amma daren farko tafi ne ya rinjaya, kuma mafi yawan abin da ake maimaitawa ya samo asali ne daga abin da Gautier ya rubuta bayan shekara arba'in, da tsufa da begen ƙuruciya. Hugo kansa, a gabatarwar wasan, ya daidaita Romantisizim da neman 'yanci a siyasa. Da aka hamɓarar da Sarki Charles na 10 a watan Yulin 1830, sai wannan magana ta zama kamar duba, ta ƙara wa wasan kwarjinin da ba daga cikinsa ya fito ba.

4.0 Jigo

Idan aka ajiye jar riga da ihu a gefe, aka tambayi me ke tafiyar da mutanen wasan, amsar tana rubuce a ƙaramin sunan da Hugo ya ba shi, wato mutunci irin na mutanen Kastil. Babu wata babbar shawara a wasan da zuciya ta yanke. A kashi na biyu sarki ya faɗo hannun Hernani. Sarki ya ƙi zare takobi da ɗan fashi domin ba tsaransa ba ne, Hernani kuma ya ƙi kashe wanda bai kare kansa ba, har ya yafa masa mayafinsa don ya wuce lafiya. Mutumin da ya yi rantsuwar ɗaukar fansar ubansa ke nan, ya saki abokin gaba saboda ƙa'idar 'yan sarauta.

Kashi na uku shi ne zuciyar wasan, kuma ba na Hernani ba ne, na dattijo ne. Hernani ya shigo gidan Don Ruy Gomez da shigar mai ziyarar ibada, dattijo ya karɓe shi baƙo tun bai san sunansa ba. Ya gane ɗan fashi ne da aka sa kuɗi a kansa, bai janye ba. Ya same shi rungume da amaryar da zai aura a ranar, duk da haka da sarki ya iso da dakaru, sai ya ɓoye shi a wata maɓoya bayan hotonsa. Sarki ya ce a fito da shi. Dattijo ya bi hotunan kakanninsa da ke jere a bango ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin abin da kowane ya aikata na riƙon amana, har ya iso kan nasa hoton, ya nuna cewa ba zai zama na farkon da za a ce ya sayar da baƙonsa ba. Ya gwammace sarki ya tafi da Doña Sol garkuwa. A wannan fitowa dokar baƙunta ta rinjayi kishi, ta rinjayi tsoron sarki, ta rinjayi son da tsohon yake yi wa yarinyar, kuma babu wata fitowa a wasan da ta kai ta ƙarfi. Matasan da suka cika zauren don su yi wa masu furfura dariya, sai ga su suna tafa wa tsoho yana karanta sunayen kakanninsa.

Daga nan ne ƙahon ya fito. Hernani ya ga ransa ya zama na dattijo, sai ya miƙa masa ƙahonsa, ya rantse da kan ubansa cewa duk ranar da aka busa shi zai mutu. A kashi na huɗu aka zaɓi Don Carlos sarkin sarakuna na Daular Rum Mai Tsarki, ya yafe wa waɗanda suka ƙulla kashe shi, ya mayar wa Hernani sunansa da sarautarsa, ya ba shi Doña Sol. Ya kamata a tsaya a kan abin da ya faru a nan: ɗan tawayen bai ƙwaci komai ba, kyauta aka yi masa daga sama, ya durƙusa ya karɓa, ƙiyayyarsa ta narke nan take. Abin da yake nema tun farko shi ne gurbinsa a cikin tsarin sarauta, ba rushe tsarin ba. A daren angwanci ƙaho ya yi ƙara. Doña Sol ta fizge kwalbar gubar ta sha rabi, Hernani ya shanye saura, dattijo ya kashe kansa a kan gawarsu.

Ana iya cewa mutuwar masoya tare ita ce Romantisizim tsantsa, so da ya fi ƙarfin rai. Wannan karatu ya dace da Doña Sol, domin ita kaɗai ce ta ce rantsuwar banza ce, ita kaɗai ta zaɓi mutuwarta da kanta. Bai dace da Hernani ba. Shi ya mutu ne don kada a ce ɗan gidan Aragon ya karya alkawari, kuma ya yi ta kai-kawo har sai da mace ta riga shi. Ko da yake yana siffanta kansa da wani ƙarfi mai tafiya wanda bai san inda ya nufa ba, irin taurarin Byron da ɗan fashin Schiller na 1781, a aikace kowane taku nasa wata tsohuwar ƙa'ida ce ta shata shi. Shi ne mafi raunin taurarin wasan, domin bakinsa na tawaye ne, ƙafarsa ta biyayya.

Abin ban sha'awa shi ne, wannan jigo na karon so da mutunci a ƙasar Sifen shi ne jigon Le Cid na Corneille, na 1637, wanda ke cikin ginshiƙan mazhabar da ake yaƙa. Bambancin ma bai yi wa Hugo daɗi ba. A wurin Corneille mutunci nauyi ne da ke da amfani ga gida da ƙasa, tauraro yana auna shi da hankali kafin ya ɗauka. A wurin Hugo ya zama tsafi: ƙaho ya yi ƙara, mutum ya mutu, babu wanda mutuwar ta amfana, har da mai busawar. Wannan ya fi kusa da ƙaddarar wasannin Girkawa, an dai sauya mata tufafi. Kayan aikin kuwa, wato ɓoyayyar ƙofa da baƙar fuskar rufi da kwalbar guba da ɗan sarki a rigar ɗan fashi, an ɗebo su ne daga wasannin tayar da hankali na Pixérécourt, waɗanda talakawan Faris ke kallo tun 1800. Hugo ya ɗauki abin da ake yi a unguwa, ya sa masa waƙa, ya kai shi fada.

5.0 Bayan Ƙura ta Lafa

Mulkin wannan salo a dandamalin Faris bai yi tsawo ba. Gwamnatin da ta hau bayan juyin 1830 ta hana Le Roi s'amuse bayan nuni ɗaya a 1832, kamar yadda wadda ta gabace ta ta hana Marion de Lorme a 1829. A 1838, shekarar Ruy Blas, wata yarinya 'yar wasa mai suna Rachel ta farfaɗo da Racine da Corneille a dandamalin da aka yi yaƙin, jama'a suka yi tururuwa. Bayan Les Burgraves na 1843 Hugo bai sake ba da sabon wasa don a nuna ba. A Ingila ma mawaƙan mazhabar ba su riƙe dandamali ba: Byron ya rubuta Manfred a 1817 don karatu, The Cenci na Shelley, na 1819, bai hau dandamali ba sai 1886.

Wasan da ya cika alkawarin da Hernani ya ɗauka shi ne Lorenzaccio na Alfred de Musset, na 1834. Musset ya juya wa dandamali baya ne bayan an yi wa wasansa na farko ihu a watan Disamban 1830, ya koma rubuta wasannin da za a karanta a zaune. Tauraronsa ya shiga fasiƙanci don ya kusanci azzalumin sarkin Fulorens ya kashe shi, fasiƙancin ya zame masa jiki, ya yi kisan yana sane babu abin da zai canja, aka naɗa wani sarkin. Babu rantsuwar kakanni da ta tura shi; shi ya zaɓa, shi ya ɗauki sakamakon. Ba a nuna wannan wasa ba sai 1896, da Sarah Bernhardt a matsayin tauraron, shekara 39 bayan rasuwar marubucinsa.

Shi kuwa Hernani, an daina nuna shi a farkon shekarun gudun hijirar Hugo, aka dawo da shi a 1867, sannan a 1877 da Bernhardt a matsayin Doña Sol. A wajen Faransa an fi saninsa ta hanyar wasan waƙe na Verdi mai suna Ernani, wanda aka fara nunawa a Benis a 1844, Hugo kuma bai so shi ba. Verdi ya zubar da gangara da kabad da tambayar ƙarfe nawa, domin ba su da wurin zama a kiɗa, ya riƙe dattijo da rantsuwa da ƙaho.